Azzalumin Da Ya Ɓuya Da Wanda Ya Ba Shi Masauki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, ba al'adarmu ba ce mu kawo zancen silima a wannan fili, amma wani dare da muka kwana a Kalgo ya tilasta mana. Mun taso daga Birnin Kabi da nufin washegari mu wuce Gwandu, sai muka sauka gidan wani amininmu, tsohon akawu wanda ya yi ritaya. Bayan sallar lisha'i ɗansa ya kunna mana wani fim na Amurka mai suna Operation Finale, wanda aka yi a 2018, yana fassara mana da Hausa. Mu biyar ne a zauren, har da wani Alhaji mai fataucin shanu.

Labarin na wani Bajamushe ne, Adolf Eichmann, hafsa a gwamnatin Hitila. Aikinsa na ofis ne: shi ke tsara jiragen ƙasan da ke kwasar Yahudawa zuwa sansanonin da ake hallaka su. A 1944, cikin abin da bai wuce wata biyu ba, an kwashe mutum fiye da 400,000 daga ƙasar Hangare kaɗai. Da Jamus ta faɗi a 1945 sai ya sulale, ya sake suna, har ya taɓa kiwon kaji a wani ƙauye. A 1950 ya tsallaka Ajantina da takardun da ke ɗauke da sunan Ricardo Klement, ya sami aiki a masana'antar motoci, yana fita da safe yana komowa da dare kamar kowane magidanci. Ran 11 ga Mayu 1960 'yan leƙen asirin Isra'ila suka cafke shi kusa da gidansa, aka yi masa shari'a a 1961, aka rataye shi a 1962.

Da fim ya ƙare Alhaji ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, mu da muke ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa, ina ruwanmu da wannan?" Muka ce ciwon Falasɗinu yana zukatanmu, amma a Suratul Ma'ida Allah Ya hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga rashin adalci. Matan da jariran da aka cusa a waɗancan jirage ba su ƙwace gonar kowa ba. Wanda ya kashe su azzalumi ne, ko da wa ya kama shi.

Mai masaukinmu shi kuwa wani abu daban ya tsaya masa a rai. Hujjar Eichmann a gaban alƙalai ita ce umarni aka ba shi ya bi, shi ma'aikaci ne kawai. Akawun ya yi shiru, can ya ce, "Malam, shekara 35 na yi ina sa hannu a takardu, kuma ba kowace na karanta da zuciya ɗaya ba." Ba mu yi masa dariya ba, domin mu ma mun taɓa zama a kujera, mun kuma san yadda "daga sama aka ce" take sanyaya wa mutum jiki. Amma shari'a ta daɗe da rufe wannan ƙofa. An ruwaito cewa wani shugaban rundunar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya umarci mutanensa su shiga. Suka ƙi. Da labari ya iso Madina sai aka tabbatar musu cewa ƙin nan shi ne daidai, ɗa'a ga shugaba tana cikin abin da yake na alheri ne kawai. Alƙalamin da ya rubuta takardar zalunci yana da rabonsa, ko da mai shi bai taɓa riƙe bindiga ba.

Abin da ya fi damunmu a daren nan shi ne, mun zauna muna jimamin abin da ya faru a Turai, alhali kuwa irinsa ya faru a ƙofar gidanmu. A farkon 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, suka taso da runduna daga bakin Kwara, a yankin Sayi wanda a da yake bin Gwandu, suka nufi Tafkin Chadi. Duk garin da ya hana su hatsi ko 'yan dako sai wuta. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau jikokin mutanen garin suke ba da labarinsa. Da ƙorafi ya kai Faris aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli a Ɗankori, kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka juya musu, suka kashe su duka biyu, kaburburansu suna Maijirgi. Duk da haka jita-jita ta daɗe tana yawo, har a tsakanin Faransawa, wai Voulet bai mutu ba, ya ɓace ne cikin ƙasa ya sake kama.

To, ga inda darasin yake da ɗaci. Sauran hafsoshin wannan runduna ba su ɓuya ba, domin ba su da bukatar ɓuya. Joalland da Meynier suka ci gaba da tafiyar, aka ci Damagaram, aka haɗu da sauran rundunoni aka kashe Rabe a Kusuri a Afrilun 1900, daga baya su biyun suka zama janar. Haka nan a Satiru a 1906, Turawan Ingila suka kashe mutane wajen 2,000 suka shafe garin, ba a tuhumi ko hafsa ɗaya ba. Sarkin Gwandu na lokacin ne aka tuɓe bisa zargin yana da hannu. Watau a shari'ar duniya wanda aka ci da yaƙi shi ke neman mafaka, wanda ya ci kuwa lambar girma ake rataya masa. Ko a zamaninmu, Hissène Habré na Chadi ya zauna a Dakar tun 1990, sai a 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Washegari muka isa Gwandu, muka yi wa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo addu'a a hubbarensa. A nan muka tuna cewa magabatanmu ba su yi wa nasu mutane rufa-rufa ba. A 1805, gab da yaƙin Alwasa, wasu daga rundunar jama'a suka washe wani gari da ke da amana da su, Malam Abdullahi da Muhammadu Bello suka hana amma ba a ji ba, kuma abin da ya biyo baya shi ne mummunan karin da aka yi wa Musulmi, har abokan gaba suka iso Gwandu. Ba a daɗe ba Malam Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, saboda ganin yadda son duniya ya shiga zukata. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa masu mulki iyakarsu. Wannan koyi ne da Ma'aiki, wanda ya barranta a fili daga abin da Halidu ɗan Walidu ya yi wa Banu Jazima, ya kuma aiki Sayyadi Ali ya biya diyya.

A hanyar komowa Alhaji ya sake tayar da magana. Ya ce, "To Malam, in mutum ya tsufa, ya daina, ya tuba fa? Ai an karɓi Wahashi." Gaskiya ne an karɓi Wahashi, wanda ya kashe Sayyadi Hamza a Uhudu. Amma Wahashi da ƙafarsa ya zo, da sunansa na gaskiya, ya kuma faɗi yadda ya yi kisan da bakinsa. Mai ɓuya da sunan aro bai tuba ba, tsoron kamu yake yi. A mazhabarmu ta Malikiyya ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi haddin fashi yana sauka daga kansa, amma jinin mutane da dukiyarsu suna nan wuyansa sai masu haƙƙi sun yafe. Kuma a cikin hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya ba mai ɓarna mafaka yana cikin waɗanda aka la'anta. Eichmann bai yi shekara 15 a ɓoye da wayonsa kaɗai ba: wani ya buga masa takarda, wani ya ba shi aiki, wasu da yawa sun san shi suka yi shiru.

Alhaji bai amsa nan da nan ba. Sai da muka wuce Ambursa ya ce a bara an kawo masa shanu 12 da dare a rabin kuɗinsu, mai kawowar ya ce na gado ne. Ya ga tambarin da ke jikinsu ba iri ɗaya ba ne, bai tambaya ba, ya saya, ya loda su Kudu ya ci riba. Ya ce tun jiya lissafin nan yake yi, kuma bai san gidan da zai kai kuɗin ba. Muka ce ya fara da Sarkin Fulanin yankin da aka kawo su, tunda makiyaya sun san tambarin junansu, in an rasa masu su sai ya tambayi alƙali yadda zai fitar da kuɗin daga dukiyarsa. Ya ce zai je ranar kasuwa, ya kuma roƙi akawun ya raka shi don ya rubuta abin da aka yi.