Murfin Tukunya da Tsallen da Ba Ya Ƙirguwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da madafi ya san wannan ƙarar. Murfin tukunya ya suɓuce daga hannun mai wanke-wanke, ya faɗi a siminti, ya hau kaɗawa a kan bakinsa: wan, wan, wan. Yana ƙara kwantawa, kaɗawar tana ƙara sauri, har kunne ya kasa raba wannan da wancan. Sai kuma tsit. Daidai lokacin da ya fi sauri, lokacin yake tsayawa.

Ƙwallon robar yara ma haka take, kuma lissafinta ya fi sauƙi. A ce tsallen farko ya ɗauki daƙiƙa 1, na biyu rabin daƙiƙa, na uku rubu'i, kowanne rabin na gabansa. A takarda babu tsalle na ƙarshe, domin kowanne yana da ƙane. Amma a tara lokutansu duka, ba za su wuce daƙiƙa 2 ba. Tsalle marar adadi ya shige cikin wa'adin da bai kai a sha kofin ruwa ba.

Wannan ne ƙullin da Zeno, masanin falsafar Girka daga garin Eliya a kudancin Italiya ta yau, ya ɗaure a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce mai gudu sai ya ci rabin hanya, sannan rabin abin da ya rage, sannan rabin wancan, to yaushe zai isa? Masu lissafi sun amsa cewa guntaye marasa iyaka na iya haɗuwa su ba da jimla mai iyaka.

Injiniyoyin da ke tsara na'urori masu sarrafa kansu har yau suna kiran wannan hali da sunan Zeno, kuma yana ba su ciwon kai. In aka sa kwamfuta ta kwaikwayi ƙwallon nan tsalle bayan tsalle, tana iya maƙalewa: tana ta ƙirge, agogon kwaikwayon ya ƙi ƙetare daƙiƙa 2. Maganinsu shi ne su yanka iyaka, su ce tsallen da bai kai kaza ba, a ɗauka ƙwallo ta tsaya.

Shi ma faifai mai kaɗawa, irin murfin tukunyar nan, bai tsira daga masu lissafi ba. A 2000, Keith Moffatt na Jami'ar Kambirij ya wallafa bincike a mujallar Nature kan yadda saurin kaɗawar ke hauhawa kafin ya yanke kwatsam.

Ƙwallon gaske dai takan lotsa, ta yi 'yan tsallenta ta kwanta, siminti ba ya jiran lissafi. Gobe in murfi ya faɗi a gidanku, kada ku yi saurin taka shi. Ku saurara har ya yi shiru da kansa.