Lokacin da Likita Ke Roƙon Izinin Kallo

A farkon shekarun 2000, likitan da ya gama karatu a Zariya ko Maiduguri ko Sakkwato, in yana son horon ƙwarewa a Amurka, ba jarrabawa ce ke hana shi barci ba. Ita hanyarta a fili take: ka yi rajista da hukumar ECFMG da ke Filadelfiya, ka biya dala, ka rubuta matakan USMLE. Inda gizo ke saƙar shi ne samun asibitin da zai yarda ka zo ka yi mako huɗu kana kallon yadda suke aiki.

Kallo kuwa na zahiri. Ba ka da lasisinsu, ba ka cikin inshorar da ke kare likita idan aka kai shi kotu, don haka ba ka taɓa majinyaci, ba ka rubutu a fayil, ba ka ba da ko da farasitamol. Mutumin da a shekarar bautar ƙasa ya yi wa mata tiyatar haihuwa a asibitin ƙaramar hukuma, janareta na tari, nas na haska masa cocila, shi ne za ka gani tsaye bayan ɗalibai lokacin zagayen safe, ya goya hannu. Da ƙa'idar sirrin majinyaci ta dokar HIPAA ta fara aiki a 2003, asibitoci da dama suka ƙara tsuke ƙofa, kallon ma sai da takardu.

Duk wannan ƙasƙantar da kai saboda wasiƙar shaida ɗaya ake yi. Masu zaɓen waɗanda za a horar sun fi amincewa da shaidar likitan da ya san tsarinsu. Farfesanka na gida, komai girmansa, ba su san shi ba.

Neman gurbin kallon kuwa a shagon intanet ake yinsa, galibi da dare, lokacin da kuɗin awa ke sauka kuma layi ke ɗan sauri. Mutum ya buɗe FREIDA, kundin shirye-shiryen horo na ƙungiyar likitocin Amurka, ya kwafi adireshin shugabannin sassa da sakatarorinsu a bayan takardar magani, ya yi ta aika saƙo iri ɗaya ta Yahoo. Akasari shiru. Wanda ya amsa ma, haƙuri zai ba ka cikin ladabi.

Abin da ke aiki shi ne sanayya. Wani babba da ya riga ka tsallakawa ya shiga ofishin shugaban sashe ya ce, ga ƙanena nan, na tsaya masa. A nan ne mutanenmu suka sha wuya. Ibadan ta fara koyar da likitanci tun 1948, Legas 1962, kuma ɗalibansu sun daɗe da kafa sansani a can, har aka kafa ƙungiyar likitocin Najeriya mazauna Amurka, ANPA, a 1995. Ɗan Arewa kuwa sai ya lalubo wanda ya san wanda ya san wani. In an dace, kiran waya ɗaya ya yi abin da saƙon wata shida bai yi ba.

Bayan takardar gayyata sai biza, inda jami'i ke so ka gamsar da shi cewa za ka dawo, alhali kowa ya san abin da ke ranka. Sai gwajin tarin fuka na fata, wanda kan kumbura a hannun da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa rigakafin BCG, a tura su hoton ƙirji. Masu dabara kan haɗa tafiyar da jarrabawar duba majinyaci, wadda tun 1998 sai an je Amurka ake yin ta, su jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Masauki kuwa doguwar kujerar falon wani bawan Allah ce.

Yau an sauya salo. An soke waccan jarrabawar a Janairun 2021, matakin farko na USMLE kuma ya koma ci ko faɗuwa kawai daga 2022, abin da ya ƙara wa wasiƙar nauyi. Kamfanoni sun shigo tsakani, suna sayar da gurbin mako huɗu da dubban daloli. Wasu na kukan cewa kuɗi sun kori zumunci. Ni ban cika jin tausayin tsohon tsarin ba, domin shi ma ya bar haziƙai da yawa a waje don kawai ba su da kowa a can. Sai dai likitan da ake biya da naira, bayan faɗuwar da ta yi tun 2023, sabon tsarin ma bai buɗe masa komai ba.