Da mi za ka yi runhwa?

Ɗan'uwana mai karatu, in Allah ya ba ka ikon yin runhwa ƙohwar gida, ka tuna abu ukku ke kashe ta: gara, ruwa da rana. Kowane kaya ka gani kasuwa, tambayi kanka: ƙaƙa zai yi da su?

Gidanmu, azarar giginya kakana ya sa. Yau jikokinai muna zama ƙarƙashinta. Gara ba ta son baƙin ɓangaren azara, na waje. Hwarin ciki take ci. Amma giginya sai ta yi shekaru masu yawa kahin ta isa sara. Ko wajen Gaya, cikin Dallol Mawri inda take da yawa, ba a sare ta sai da iznin ma'aikatan daji. Shi ya sa ta yi tsada.

Bedi da turare sun hi araha. In ka ɗauke su, ka shahe gindinsu da baƙin mai kahin ka kahwa. Ƙarhe kuwa, gara ba ruwanta da shi, sai tsatsa. Yana son hwenti.

Yanzu ga wani sabon kaya, katakon roba. Garin katako ne ake gamawa da narkakkiyar roba. Amurka anka hwara saida shi da yawa cikin shekarun 1990, don shimhiɗa wurin zama waje. Iri biyu ne. Akwai mai rigar roba bisa, akwai maras riga. Mai riga ya hi tsada, amma ruwa da datti ba su kama shi sosai. Maras riga yana saurin koɗewa.

To, ka san ranar ƙasarmu. Watan Afrilu zahi yana wuce 40. Baƙin katakon roba, in ya sha rana, yaro ba ya iya taka shi ba takalmi. Zaɓi mai haske. Kuma zahi yana sa shi miƙewa, sai a bar ƴar tazara tsakani. Kada ka yi ginshiƙi da shi, lanƙwashewa yake. Ko ƙasa, sai da matokari kowane santimetir 40.

Ni dai, da zan sake runhwa, ƙarhe ne ginshiƙi, zana ce ruhi, don ta hi tol sanyi. Kai kuma, duba aljihunka. Amma ka lissahwa har da kuɗɗin gyara na shekara goma. Wanda ya kahwa icce bana, gara ta kada shi baɗi, sau biyu ya biya.