Yaran Da Ba Su Isa Zaɓe Ba

"Ku matso, maganar nan tamu ce mu uku," in ji Malama, ta rage murya. "'Yan ajina ko katin zaɓe ba su isa yanka ba, amma sun rabu gida biyu. Wannan Kwankwasiyya, wancan Gandujiyya. In an fita tara ma ba sa cin abinci tare."

"Ba sa tambayarki ke wa kike yi?" Hajiya ta ce.

"Kullum! Sai in ce ni alli da allo nake yi."

Yaya ta yi dariya ta ajiye kofin shayinta. "Ai ba yau aka fara ba, ƙanwata. Babanmu ɗan NEPU ne na gidi. Da PRP ta dare bayan zaɓen 1979, aka yi Santsi na Abubakar Rimi da Taɓo na Malam Aminu Kano, duk yaran gidanmu muka zama 'yan Taɓo. Tambaye mu abin da ya raba su, wallahi ba mai gaya miki."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Hajiya. "Maigidana da dare ya kunna rediyo yana jin sojojin baka, yana tsaki, yana Allah wadai. Autana na gefe yana cin tuwo. Gari na wayewa zan ji zancen uban a bakinsa, har da tsakin."

"To nan gizo ke saƙar," Yaya ta ce. "Yaro ba hujja yake ɗauka ba, ƙiyayyar yake ɗauka. Su kuwa manyan fa? Kwankwaso da Ganduje gwamna ne da mataimakinsa a 1999, suka sake a 2011, kafin su ɓata. Malam Shekarau da ya kayar da Kwankwaso a 2003, ba shi ne ya shiga NNPP wurin Kwankwason a 2022 ba, ya fice bayan 'yan watanni? Su shirya a falo, su bar 'ya'yan talakawa da gaba a layi."

"To Yaya, sai mu yi gum a gaban yara?"

"A'a, Hajiya. In kin yi shiru, TikTok da 'yan jagaliyar unguwa ba za su yi ba. Ki yi ra'ayinki, ranar zaɓe ki dangwala wa wanda kika ga dama. Zagin ne za a bari. In yaro ya ce wane ɓarawo ne, ki ce wa ya gaya maka? In ya ce wane gwarzo ne, ki ce me ya yi? Famfon unguwarku na kawo ruwa? Ku nawa ne a aji? Kafin ya cika sha takwas ya saba da neman dalili."

"Ke uwa ce, kina iya faɗin naki," in ji Malama. "Ni amanar 'ya'yan kowa aka ba ni. Ran da na nuna ɓangare, rabin ajin sun daina yarda da makin da nake ba su."

"Gaskiyarki. To me za ki yi?"

"Muhawara zan shirya musu. Kowa ya kare ɓangaren da gidansu ba sa yi."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Lallai ki tanadi kujeru, Malama. Ranar Litinin iyaye za ki gani a ofishin shugaban makaranta, kuma maigidana ne zai riga kowa zuwa."