Karen da ba shi da ubangida

Ka san karnukan nan masu kwana bayan mahauta, yara na jifarsu. Yawancinsu mu muka zubda su bisa juji tun suna kwikwiyo.

Ni dai, in na tashi daga aji da marece, nakan ɗauko su. Sauran tuwo da ruwa cikin kasko sun ishe su. In sun kai wata 3, sai in kai su wurin likitan bisashe a yi masu lambar haukan kare. Sannan in nema masu gida, wurin mai garka ko mai awaki.

Wasu na cewa guba ta fi sauƙi. Amma in an kashe waɗannan, wasu ke zuwa su gaji jujin. Masana sun ce in an yi ma karnuka 70 cikin 100 lamba, cutar takan daina yaɗuwa. Ita kuwa in ta bayyana ga mutum, ba ta da magani.

Saboda haka in kare ya ciji ɗanka, wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ka kai shi likita ranar nan. In kuma karyarka ta haihu, don Allah kada ka zubda ƴaƴan. Tambayi maƙwabta, akwai mai so.