Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Yau zancen kayan ɗaki zan yi muku, don kowa ya san a ƙasar Hausa kayan ɗaki su ne mutuncin mace, su ne abin da iyaye suka tara mata da gumi, ko aure ya mutu da su take fita. To amma ranar da maigida ya ajiye aiki, ya ce ƙasar waje za a koma da zama, ran nan mace take sanin kaya suna da nauyi.

A 2022 mijin yayata ya cika shekara 35 a aikin gwamnati ya yi ritaya. Da yake yana da takardar zama ɗan ƙasa ta Ingila, kuma 'ya'yansu biyu suna can, sai ya yanke shawarar su koma gaba ɗaya. Yaya kuwa ta ce ko cokali ba za ta bari ba. Gado, sif, kujeru, kuloli, tangaran ɗin da ke jere a shokes tun na aurenta, duk a zuba a kwantena. Har ta fara lissafin sabbin tukwane da zannuwan gado da za ta ƙaro daga kasuwa, wai kada surukai su raina ta.

Nan ɗanta ya bugo waya ya ce, "Hajiya, don Allah ki dakata da sayayyar nan." Ashe dokar kwastan ta Ingila tana yafe haraji ga mai komowa da zama, amma da sharaɗi. Sai mutum ya yi wata 12 a jere yana zaune a wajen ƙasar, kayan kuma nasa ne, ya yi aƙalla wata 6 yana amfani da su. Sai an nemi izini tun kafin a loda, a rubuta jerin kayan. In sun isa kuma, ba sayarwa, ba ba da aro, sai bayan wata 12. Sabon kaya fil a kwali kuwa ba ya cikin rangwamen, ga harajin shigo da kaya, ga na VAT, wanda a can kashi 20 ne cikin 100. Kin ga ke nan tsohuwar tukunyar da kike jin kunyarta ita za ta wuce salin-alin, sabuwar da kika sayo don a gani ita za ta ci miki kuɗi.

Ba harajin kaɗai ba ne. Kwantena iri biyu aka fi sani, mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40. Za a biya motar da za ta kai ta tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, a biya jirgi, a biya inshora, a biya ejan ɗin da zai fito da ita. In takarda ɗaya ta makara, kayan su zauna a tasha, kullum ta Allah kuɗin ajiya yana hawa. Da aka buga lissafi, wallahi kuɗin kai kujerun Yaya ya fi kujerun daraja. Ga gidajen can da ƙananan ɗakuna da matsattsen bene, ina makeken gadonta zai bi? Kilishi da dambun nama da man shanun da ta yi niyyar cusawa ma an hana shiga da su daga Nijeriya.

Daga ƙarshe ta tara 'ya'yan dangi masu shirin aure ta raba musu gado da sif da tangaran da hannunta, suna ta sa mata albarka. Ita ta tafi da turminta, da madambaci, da kaskon turare, da hotuna, da Alƙur'anin mahaifiyarmu. Ta yi kuka ranar rabon, ba na ɓoye muku.

Don haka 'yar uwa, in irin wannan tafiya ta taso, kada ki bar maigida shi kaɗai da takardu. Zauna ki ji dokar ƙasar da za ku, don kowace ƙasa da tata. Ki ɗauki biro ki rubuta kayanki da sunanki, ki tambayi kanki wanne ne ba ya sayuwa a can. Shi za ki ɗauka. Sauran ki bayar tun da ranki da lafiyarki, ya fi ki kulle su a ɗaki gara da ɓera su gaje ki.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu zaman lafiya duk inda ƙasa ta kai mu, amin.