Daga Coal Camp Zuwa Bakin Teku

Baƙon da ya sauka Inugu ya nufi unguwar Coal Camp, ƙarar guduma ce za ta fara yi masa maraba, domin yanzu maƙera da masu sayar da kayan mota ne suka cika ta. Asalinta kuwa sansanin leburorin kwal ne. An gano kwal a Udi a 1909, a 1916 aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kimanin mil 150 zuwa Fatakwal. Fatake da mahauta daga Arewa suka kafa zango a garin, har Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko.

Wanda ya bi hanyar kwal ɗin har ƙarshenta, teku zai tarar. A nan ne wel take, wato ƙatuwar dabbar nan mai siffar kifi, wadda ke shaƙar iska tana shayar da 'ya'yanta nono. Da damina wasu irinta kan taso daga tekun ƙanƙara na kudancin duniya su zo haihuwa a ruwan Gini. Wani sa'i igiyar ruwa kan yasar da ɗaya a tudu, kamar yadda ya faru a Okpoama ta Jihar Bayelsa a 2024, inda jama'a suka yi mata ca da adduna.

Idan da sauran numfashi, akwai dabara. Nauyin jikinta ke danne mata huhu, rana kuma na ƙona fatarta. Sai a rufe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, a riƙa kwara mata ruwa ban da ƙofar numfashin da ke bisa kanta, kada a ja ta ta wutsiya. Likitan dabbobi ya duba numfashinta, ya ɗibi jini, a jira cikar ruwa a mai da ita. Haka ɗaruruwan 'yan sa kai suka yi a Niyu Zilan a 2017.

Mahaucin Inugu ya san ƙa'idar kwata: likita ya duba saniya kafin nama ya shiga kasuwa. Malamai sun halatta mushen teku, amma dabbar da ba a san abin da ya kayar da ita ba tana iya ɗauke da cuta. Ya kamata hukuma ta ajiye likitocin dabbobi a garuruwan gaɓa, su riga adda isa wurin.